Ƙofofi Dubu Goma Saboda Ƙwayar Shinkafa: Daga Kiyoto Zuwa Matan Fada

Wata Laraba ce da la'asar, ruwa ya tsuge irin na Bangi, kasuwar Kilomita Biyar ta yi tsit, masu amalanke duk sun fake a ƙarƙashin rumfuna. Ina zaune kan buhu ina lissafin bashin da mata masu sayar da abinci suka ɗauka, sai autana, wanda ke taya ni zaman shago in an tashi daga makaranta, ya miƙo mini waya.

"Baba, dubi wannan hanya. Ka taɓa ganin irinta?"

Hoton wasu ƙofofi ne na katako, jajaye wur, an jera su ɗaya na bin ɗaya har sun zama kamar dogon zaure da ya ratsa daji ya hau dutse. Na ce masa ai aikin mutanen Sin ne. Ya yi dariya ya ce a'a, Japan ce, kuma wai ƴan kasuwa ne suka kafa su, asalin abin kuma shinkafa ce. Nan na ajiye biro. Kusan shekara 30 ke nan ina ci da iyalina daga shinkafa, na auna ta da mudu a Argungu, na yi dakonta a Garwa, yau ina sayar da ita buhu-buhu a Bangi, amma ban taɓa jin inda aka yi wa shinkafa ƙofa ko guda ba. Daga ranar na sa yaron a gaba, kullum bayan isha'i yana karanto mini da Faransanci ina tambaya, har na tara abin da zan ba ku yau.

Sunan wurin Fushimi Inari, yana kudancin birnin Kiyoto, tsohon birnin sarautar Japan. Wurin bauta ne na addinin Shinto, wato addinin gargajiyar Japanawa, wanda suka gada tun kafin addinin Buda ya shigo musu. A wurinsu dutse da ruwa da itace da gona duk akwai abin da ke zaune cikinsu, suna kiran su kami. Inari kuwa shi ne wanda suka ɗauka na shinkafa. Ni Musulmi ne, babu abin da ya haɗa ni da bautar wani in ba Allah ba, wannan ba sai na faɗa wa mai karanta wannan mujalla ba. Abin da ya riƙe ni a labarin daban ne, za ku gani.

An kafa wurin a shekarar 711. Wata zuri'a ce mai suna Hata ta kafa shi, mutanen da kakanninsu suka tsallako teku suka zauna a ƙasar, suka yi suna wajen saƙa da haƙa hanyoyin ban ruwa. Baƙi ke nan, irinmu. Tsofaffinsu suna ba da labari cewa wani attajiri a cikinsu, mai suna Irogu, shinkafa ta yi masa yawa har girman kai ya shige shi, ya ɗauki wainar shinkafa ya kafa ta a matsayin abin bara, ya ɗana kibiya ya harba. Wainar ta rikiɗa ta zama farin tsuntsu, ta tashi ta sauka a kan dutse, a nan shinkafa ta tsiro. Zuri'arsa suka yi nadamar wannan wulaƙanci da aka yi wa abinci, suka mai da dutsen wurin girmamawa. Tatsuniya ce, amma da na ji ta sai da gabana ya faɗi, don na tuna marin da kakana ya taɓa yi mini a masussuka lokacin da na ɗebi shanshera ina watsa wa ɗan uwana da wasa. Bai yi dogon magana ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, wanga abu da kaka gani, shi ad da ranka."

Dutsen ba wani dogo ba ne, mita 233 ne tsayinsa. A kan hanyoyin da suka kewaye shi ne aka jera ƙofofin nan, kimanin dubu goma. A harshensu tori suke kiran irin wannan ƙofa, ginshiƙi biyu da gungume a sama, ba ƙyaure ba bango. Wuta ta cinye gine-ginen wurin a 1468 lokacin wani yaƙin basasa da ya ragargaza Kiyoto, aka sake gina babban ɗakin a 1499, shi ne yake tsaye har yau. Babbar ƙofar shiga kuwa wani jarumi da ya mallaki ƙasar, Toyotomi Hideyoshi, shi ya gina ta a 1589 bayan mahaifiyarsa ta tashi daga ciwo. Da yaron ya karanto maganar gobarar nan, shiru na yi. Mu da muka zauna a Kilomita Biyar daga Disambar 2013 zuwa ƙarshen 2015, lokacin da unguwar nan ta zama kamar kurkuku, fita ƙetaren gada ma sai mutum ya yi sallama da iyali, mun san yadda ake tsayawa a kan toka ana tunanin ta ina za a fara. Su shekara 31 suka ɗauka.

A ko'ina cikin wurin akwai gumakan yanyawa, dabbar nan ƴar uwar dila. Ba ita suke bauta wa ba, a cewarsu ƴar aike ce. Wata riƙe da zangarniyar shinkafa a baki, wata riƙe da mabuɗi, mabuɗin rumbu. Wasu masana na cewa dalilin shi ne yanyawa na cin ɓeraye, ɓera kuwa kowa ya san shi ne babban ɓarawon rumbu. Duk mai sito a kasuwar nan zai gane wannan ba tare da tafinta ba. Ni kyanwa biyu nake ciyarwa.

To ina ƴan kasuwa suka shigo? A zamanin da suke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, shinkafa ce ma'aunin komai a Japan. Haraji da ita ake biya, albashin mayaƙa da ita ake ƙiyastawa, girman basarake ma da yawan shinkafar da ƙasarsa ke nomawa ake auna shi. Ma'auninsu sunansa koku, kimanin kilo 150, wato buhu uku na kilo hamsin-hamsin, abin da aka ɗauka zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Akwai masarautar da ake mata kirari da mai koku miliyan ɗaya. A birnin Osaka aka yi wata kasuwa mai suna Dojima, wadda hukuma ta amince da ita a 1730, inda dillalai ke cinikin takardar shinkafa, har da wadda ba a girbe ba tukuna. Ku dubi wannan da kyau: abin da manyan kasuwannin duniya ke yi yau da man fetur da alkama, a kan shinkafa Japanawa suka tsara shi kusan shekara 300 da suka wuce. Da shinkafa ta zama kuɗi, sai mai kula da gona ya zama mai kula da ciniki. Ɗan kasuwar da ya ga buɗi sai ya biya a kafa ƙofa, a rubuta sunansa ko na kamfaninsa da kwanan wata a bayanta. Har gobe haka ake yi. Ƙarama takan ci yen dubu ɗaruruwa, babba ta haura miliyan. Da yake katako ne, yana ruɓewa, in ta tsufa sai a cire a kafa wata. Saboda haka ƙofofin da yarona ya gani a waya ba na shekara dubu ba ne, al'adar ce ta daɗe.

A faɗin Japan akwai wuraren Inari kimanin dubu talatin, wannan ne uwarsu. A kwana ukun farko na sabuwar shekara mutum fiye da miliyan biyu kan je can. Amma abin da ya fi burge ni ƙarami ne. A cikin harabar, duk da cunkoson masu yawon buɗe ido da masu ɗaukar hoto, akwai wata ƴar gonar shinkafa. Ran 10 ga Yuni ake dashe da hannu, mata da maza cikin laka, ran 25 ga Oktoba a yi girbi. Abin da za a samu bai kai a loda wa amalanke biyu ba. Ƙasar da ke ƙera Toyota da muke hawa ba ta rasa injin dashe ba. Sarkinsu ma kowace shekara yakan sa takalmin roba ya shiga gonar da ke cikin fadarsa a Tokiyo ya yi dashe, al'adar da kakansa Hirohito ya fara a 1927. A harshensu kalmar gohan na nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci gaba ɗaya, kamar yadda Bahaushe zai ce zo mu ci tuwo ko da taliya ce a kwanon.

Yaron ya tambaye ni, "Baba, mu ba mu da irin wannan?" Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna gida.

Ni mutumin ƙasar Kabi ne, ƙauyenmu bai da nisa da Argungu. Shinkafa a wurinmu ba baƙuwa ba ce. Tun kafin jirgin Turawa ya kawo farar shinkafar Asiya, Afirka ta Yamma na da tata, jar shinkafa, wadda masana suka ce an fara noma ta a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara dubu uku da suka wuce. Ita ce kakana ke shukawa a fadamar gulbin Kabi. Ba dashe ake mata ba, watsa iri ake yi kafin ruwa ya cika. In ambaliya ta zo tana tashi, shinkafar na tashi tare da ita, kan zangarniya na bisa ruwa. Wani lokaci da kwalekwale ake shiga yanka. Ba ta da yawan amfani kamar irin zamani, tana kuma zubewa in an yi jinkirin girbi, amma tuwonta in ka ci da safe sai la'asar. Aikinmu yara shi ne korar jan-baki, tun asuba muna bisa dandamali da gwangwani da majajjawa, murya ta dishe kafin hantsi.

Mutanen da ransu ke rataye ga hawa da saukar gulbi ba za su rasa al'adu a kansa ba. Kabawa, jikokin Kanta wanda ya kafa daularsa a Surame a ƙarni na 16, sun gaji bukukuwa da suka girmi zuwan jihadi: gyaran ruwa, fashin ruwa, gyaran gari, shan kabewa. Gyaran ruwa shi ne abin da masu ruwa ke yi don a shiga lafiya a fita lafiya. Fashin ruwa shi ne buɗe gulbi ga masunta bayan an hana su na wani lokaci. Shan kabewa na sabon amfani ne, ƴan bori ke jagorantarsa. Akwai Sarkin Ruwa, wanda sai da izininsa ake shiga. Wurin da ya fi kowane suna shi ne Matan Fada, mashigin nan na bakin garin Argungu, inda ake hana kamun kifi duk shekara sai ranar biki. Bikin da duniya ta sani yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da ya rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya masa gagarumin su don karramawa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Masu kallo a talabijin homa da gora da giwan ruwa suke gani. Mu ƴan ƙasa mun san cewa masuntan nan da yawansu manoman shinkafa ne, biki kuma yana zuwa ne bayan an kai amfani gida, fadama ta janye, hannu ya sami ɗan kuɗi.

Yawancin abin da ke cikin waɗancan al'adu na yanka da kiran iskoki malamai sun yi wa'azi a kansa, mutane sun bari, ni ma ban yi kewarsa ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsu da ya kamata a ce ya tsira: dokar cewa ba kowane lokaci ake shiga ruwa ba, ba a taɓa sabon amfani sai an fitar da na wasu. Musulunci ya zo da nasa tsarin da ya fi wannan tsabta, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ko ambaliya ta shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. A masussukar kakana, kafin buhu ɗaya ya hau jaki, an ware na zakka gefe, kowa na gani. A ƙasar Maraɗi kuma, cikin arnan da, manomin da ya tara dami dubu ba ɓoyewa yake yi ba. Biki yake yi ya rabar da dukiya mai yawa, sannan a kira shi Sarkin Noma. Su ƙofa dubu, mu dami dubu. Bambancin shi ne nasu an rubuta a katako ana gani, namu ya shiga cikin mutane, in tsofaffin da suka shaida sun mutu shi ke nan.

Kabi ta yau kuwa ta zama wani abu daban. A Nuwambar 2015 a Birnin Kabi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Najeriya, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Injinan ban ruwa sun cika fadama, ana noman rani, matasa sun sayi babura. Sai dai ambaliyar 2020 ta nuna cewa gulbi bai sa hannu a wannan yarjejeniya ba, ta shafe gonaki masu ɗimbin yawa gab da girbi. Jar shinkafar da ke tashi da ruwa kuwa ta ja baya, don ba ita masana'anta ke nema ba.

Mu dawo Bangi. A nan rogo ne sarki, gozo kamar yadda ake ce masa da Sango, shinkafa kuma loso. Amma a gidajenmu na Hausawa da Fulani da mutanen Cadi, in babu shinkafa kamar ba a ɗora tukunya ba. Kusan duk wadda nake sayarwa daga Asiya take, ta Indiya ko ta Tailan, ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala, ta hau mota ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,400, ta Garwa-Bulai da Beloko da Buwar, kafin ta iso. Hanya ɗaya ce tal. A Disambar 2020, gab da zaɓe, ƴan tawaye suka datse ta. Motoci fiye da dubu suka yi cirko-cirko a kan iyaka, sai cikin Fabrairun 2021 ayari ya fara shigowa da rakiya. Ina da kaya a cikin waɗannan motoci. Sitona ya ƙare ƙaf cikin ƴan kwanaki, na ɓoye buhu biyu na gida, Hajiya tana aunawa da ƙaramin kofi. Wata tsohuwa da ta shekara goma tana saye a wurina ta zo da kuɗinta a ƙulle a bakin zane, na ce mata babu. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ko na yara?" Na shiga ciki na ɗebo mata daga na gidan. A ranar na gane cewa duk shekarun nan ni ba mai shinkafa ba ne, mai jiran mota ne.

Kada ku ɗauka masu ƙofofi sun fi ƙarfin irin wannan. A 1993 sanyi ya lalata musu damina har suka sayo shinkafa daga waje, abin da ya sa suka kafa rumbun gwamnati na ko-ta-kwana. A 2025 farashi ya kusa ninkawa, kilo biyar ya haura yen dubu huɗu, gwamnati ta fasa rumbun nan. Ministan noma, Taku Eto, ya yi suɓutar baki ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba don magoya baya na kawo masa kyauta. Cikin ƴan kwanaki, a watan Mayu, ya ajiye aiki. Da na ba abokan zamana wannan labari a majalisar shayi bayan sallar magariba, wani dattijo ɗan Zinder dariya ya yi har da tari, ya ce a wasu ƙasashe da ƙarin girma za a yi masa.

Akwai ma zaren da ya haɗa mu da su kai tsaye. Irin shinkafar nan NERICA, da aka samu ta hanyar haɗa jar shinkafarmu da ta Asiya ƙarƙashin jagorancin Monty Jones ɗan Saliyo, Japan na cikin waɗanda suka zuba kuɗi a aikinta. A 2008 kuma, a taron Yokohama, aka ƙulla shirin ninka noman shinkafa a Afirka cikin shekara goma, Najeriya da Afirka ta Tsakiya duk suna ciki. Wato jinin shinkafar kakana ya je ɗakin bincike ya dawo da sabon suna.

Ƙasar nan da muke zaune ba ta rasa ruwa ba, ba ta rasa fadama ba. Ana noman shinkafa a wajen Bozum da Bambari. Mu ƴan kasuwa ne ba ma waiwayarta, kuma muna da hujja: hanya ba kyau, shingaye sun yi yawa, casar ba ta fita, mata na ƙorafin tsakuwa da karyayyen ƙwaya. Duk gaskiya ne. Amma bayan abin da ya faru a 2021 na fara karɓar buhu biyar zuwa goma na ta gida duk lokacin da wani direba da na sani ya dawo daga yamma. Ribarta ba ta kai ta waje ba, wani zubin ma sai na sa yara sun tsince ta a faifai kafin ta sayu. Maƙwabcina na shago ya ce wahalar banza nake yi. Wataƙila. Na dai sa ta a gaba, bakin ƙofa, inda mai wucewa zai fara gani.

Autan nawa a Bangi aka haife shi. Sango ya fi Hausa zama a bakinsa, bai taɓa ganin Argungu ba, kuma da na tambaye shi yadda shinkafa take a gona sai ya ce yana jin kamar masara ce ƙarama. Laifina ne, ba nasa ba. Na roƙi direban nan ya kawo mini shanshera cikin mudu guda. Muka sami tsohon baho da ya fashe a gefe, muka liƙe shi da siminti, muka cika da laka daga bakin rafi, muka ajiye bayan ɗaki. Na nuna masa yadda ake jiƙa iri har ya tsaga, yadda ake cirewa a dasa uku-uku. Kajin Hajiya sun cinye rabi a makon farko, sai da muka kewaye da tsohon gidan sauro. Yanzu kullum kafin ya tafi makaranta sai ya leƙa. Jiya da safe ina alwala na ji ya ƙwala kira daga bayan ɗaki.

"Baba, zo ka gani, ta fitar da kai! Guda bakwai!"

Na ce masa ya nemo gwangwani da tsakuwa, don tsuntsaye ma sun gani.